Isufu Mai Kyauta: Wasanmu Bai Ƙare Ba

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Isufu makwancinsa a Parakou, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Addu'a nake yi masa, ita ta fi masa amfani. Bana ma da na ja bakina na yi shiru, in ba don an taɓa ni inda yake mini ciwo ba. Saboda haka masu karatu ku yi mini haƙuri, wannan waiwaye ba na hawaye ba ne. Raina a ɓace yake, kuma zan faɗi dalili tun daga farko, don kada wani ya ce tsufa ne ya sa Garba faɗa.

Akwai wasa tsakanina da Isufu wanda mutuwa ta katse a tsakiya. Wasu samari sun shirya taron tunawa da shi ranar Asabar mai zuwa a unguwar Ladjifarani, kuma cikin shirinsu har da tashi gaban jama'a su yi shela cewa Isufu ya faɗi wannan wasa, su miƙo mini kofi, a tafa. A taron tunawa da shi fa. Wanda ke kan gaba a wannan aiki kuwa ɗansa ne na cikinsa, Nasiru, wanda ni na riƙe ragon sunansa aka yanka.

Ga wanda bai san shi ba, Isufu mai sayar da kayan gyaran babur ne, shagonsa na bakin tashar motocin Djougou a Parakou. Tare muka tashi a Zongo. Kakanninmu fatake ne, goro ya kawo su, suka sauke kaya ba su ƙara ɗauka ba. Muna samari wani mutumin kudu mai aiki a tashar jirgin ƙasa ya koya wa Isufu eshek, wato darar Turawa, shi kuma ya koya mini, don dai ya sami wanda zai riƙa ci. Mu muka raɗa wa kayan wasan sunayen da har yau ake kiransu da su a tashar. Sarki da sarauniya da doki suna nan yadda suke. Mai tafiya a karkace muka ce masa wawa, na kusurwa mai kama da hasumiya muka ce rumbu, ƙananan da ke jere a gaba kuwa muka bar musu sunansu na Faransanci, piyon.

In Isufu ya riƙe farare, kowa ya san abin da zai yi, har mai shayi. Zai tura piyon ɗin gaban sarki gida biyu. Kai ma ka tura naka su haɗa goshi. Sai ya ɗauki piyon ɗin da ke gefen sarkinsa, wanda ke tsare masa ƙofa, ya tura shi gida biyu, ya ajiye maka a baki ba mai karewa. Ya jingina da bango ya ce, “Bismilla, ga kyauta.” Masana suna kiran wannan gambin sarki. Tsohuwar hanya ce ta buɗe wasa, ta girmi kakannin kakanninmu. Ka ba da piyon ɗaya a banza, ka buɗe ƙofar gidanka da hannunka, abin da kake saye da shi kawai hanya ce da lokaci. Yayin da abokin wasanka ke taunar abin da ka ba shi, dokinka ya fito, wawanka ya fito, rumbunka ya leƙo ta ƙofar da ka buɗe yana kallon sarkinsa. In harinka ya ci, ka gama da mutum tun kayansa na barci a gida. In bai ci ba, ka wayi gari ba piyon, ba ƙofa, sarkinka a tsirara.

Daga nan sunan Mai Kyauta ya bi shi. Daga nan kuma wata al'ada ta kafu a majalisarmu wadda ban ji labarin irinta a wani gari ba. A dokar wasa ba dole ba ne ka ci abin da aka ba ka, kana iya kau da kai ka yi sha'aninka. A wurinmu kuwa abin kunya ne. Mu 'ya'yan fatake ne, an tashe mu a kan cewa mayar da hannun kyauta baya sai shaiɗan, kuma wanda ya miƙo maka goro ka ƙi karɓa ka zage shi ko ba ka buɗe baki ba. To haka muka ɗauki piyon ɗin Isufu. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya taɓa zuwa daga Natitingou, aka haɗa su, Isufu ya miƙa kyautarsa, mutumin ya kau da kai ya fito da wawansa. Isufu ya dube shi ya ce, yadda ake kiran malamai da Faransanci, “Mushe, mun taɓa faɗa ne da kai?” Bawan Allah bai gane laifinsa ba har ya tafi, kuma ko shayi ba a ƙara zuba masa ba.

Na san mai karatu zai ce wauta ce. Wataƙila. Amma ku lura da abin da ke ciki. Wanda ya karɓa ya ɗauki nauyi, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka ci piyon, to zauna ka sha harin da ke bayansa, ka nuna ko kai namiji ne. Mai bayarwa ya sa wuyansa, mai karɓa ya sa nasa, ba wanda ya ɓuya. Wasanninmu ba sa daɗewa kuma ba sa ƙarewa kunnen doki. Wani ya tashi yana dariya, wani ya tashi yana tsaki, gobe a sake.

Da cinikin doya ya mai da ni Djougou da zama, na ɗauka wasanmu ya mutu. Isufu ya ce ina, ai mota na zuwa kullum. Ya kafa allo a shagonsa, na kafa nawa a rumfata, muka mai da direbobin hanyar 'yan aikenmu. Babbansu Bawa, mai wata tsohuwar mota mai cin mutum tara wadda ba ta tashi sai an tura. Bawa bai iya wasan ba, har yau bai iya ba, amma bai taɓa ɓatar da saƙo ba. Zai sauke fasinja, ya zo rumfata da ƙurar hanya a girarsa, ya ce, “Alhaji, mutuminka ya ce dokin hannun damansa ya fito gaban wawa.” In matsa dokin a allona, in zauna in yi tunani, in ya zo lodin komawa in ba shi amsa. Wani lokaci ina Kolokondé ko Bariénou wurin manoma, saƙo ya kwana biyu yana jirana a bakin Bawa. Tashoshin biyu duka suna bin wasan. 'Yan kamasho da ba su san doki daga rumbu ba sai ka ji suna tambaya, yau me Mai Kyauta ya ba da?

Da wayar hannu ta zo na ce masa to Allah ya kawo sauƙi, mu huta da Bawa. Ya ƙi. Ya ce waya tana sa mutum amsa kafin ya yi tunani, kuma shi yana son kyautarsa ta kwana a cikina tana cizo. Muna gaisawa ta waya, mu yi zancen iyali da farashin kaya, amma ko da wasa ba ma ambaton allo. Wannan na Bawa ne.

Wasanmu na ƙarshe shi ke da farare. Ya ba da piyon, na ci. Na tura nawa na kori dokinsa, maimakon ya janye dokin sai ya bar shi nan ya shigar da sarkinsa ɗaki. Bawa ya kawo saƙon yana dariya, ya ce, “Ya ce dokin ma naka ne.” Na ci doki. Ya ƙara piyon, na ci da sarauniyata. Sai ya ɗauki wawansa ya jefa shi a ƙofar sarkina, na ci da sarki, sarkina ya fito fili ba ko mai riƙe masa takalmi. Duk Djougou aka ce Isufu ya haukace, ba abin da ya rage masa. Ni da nake zaune gaban allon na san ba hauka ba ne, don abinci ya daina yi mini daɗi. Kayana sun fi nasa yawa nesa ba kusa ba, amma in ban da sarki da sarauniya, manyan duk suna gida ba wanda ya motsa, nasa 'yan kaɗan kuwa kowanne na kallon sarkina. Sannan ya turo piyon ɗin gaban sarauniyarsa, ya tsaya daf da tawa, ba mai kare shi. Wata kyautar ke nan.

Na yi kwanaki ina kallonta. Bawa ya zo ya koma, ya zo ya koma, ina ce masa gobe. Ran da na yanke shawara na fito rumfa da sassafe ina jiransa, amsata a bakina. Ya iso ba fasinja a motar. Ya tsaya bakin rumfa ya cire hularsa, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya ce, “Alhaji, sai haƙuri. Mutuminka ya faɗi bayan sallar asuba, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.” A motar muka koma Parakou tare.

Tun daga ranar ban taɓa allon ba. Yana nan a kusurwar rumfata, na sa kafinta ya yi masa murfi saboda ƙura da awaki. Can ma Parakou Hajiya Larai, matar Isufu, ta hana a taɓa nasa. Takan zo shago ta share teburin, ta goge kayan ɗaya bayan ɗaya ta mai da kowanne gidansa. Ban taɓa gaya wa kowa amsar da na shirya ba, ba kuma wanda ya tambaye ni. Mutane suna da kunya a lokacin. Ni dai na san abu ɗaya: ni ke da wasa, Isufu na jirana. Muddin ban motsa ba, akwai sauran magana tsakanina da shi. Wanda bai rasa aboki ba zai ga abin shirme ne, ba na kuma roƙon ya gane.

Watan jiya Nasiru ya zo Djougou. Yanzu shi ne shugaban ƙungiyar eshek ta samari a Parakou, ya je gasa har Cotonou, kuma gaskiya ya fi ubansa iya wasan, ya fi ni. Ya gaishe ni da ladabi, ya kawo mini turare, ya ba ni labarin taron da suke shiryawa. Na ji daɗi har na sa masa albarka. Sai ya ce yana son ganin allon. Na buɗe masa murfi. Ya fito da waya ya ɗauki hotonsa, ya danna abin da zai danna, ya yi murmushi.

“Baba, ai ka ci wasan nan tuntuni. Na duba a namu allon, na zo in tabbatar iri ɗaya ne. Na'ura ta ce farare sun mutu.”

Na ce, “Nasiru, mai da wayarka aljihu. Ban tambaye ka ba.”

“Abu ne mai sauƙi fa, Baba. Kar ka ci piyon ɗin kawai. Ka ga…”

Na ce masa kar ya gaya mini. Da bakina na faɗa, a fili, da Hausar da uwarsa ta koya masa. Yaron nan ya miƙa hannu ya ɗauki sarauniyata, wadda hannu bai ɗaga ba tun ubansa na da rai, ya matsar da ita gida ɗaya gefe, ya ce, “Vuwala. Shi ke nan, ba shi da sauran hari.”

Na kalli allon, na ga gaskiyarsa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Gida ɗaya gefe, sarauniyar ta tare gaban sarkina, duk wutar da Isufu ya hura ta zama toka. Shekara goma sha biyu ina buɗe murfin nan ina kallo, idona bai taɓa sauka a wannan gida ba, don ba a koya wa idona neman hanyar gudu daga kyauta ba. Yanzu kuwa na gani, kuma abin da ido ya gani ba ya komawa. Na mai da sarauniyata inda take, na ce masa ya tashi ya kama hanya tun rana ba ta yi ba. Ya fita yana ba ni haƙuri, amma a fuskarsa na ga bai san abin da ya yi ba. Shi a ganinsa albishir ya kawo mini.

Ba na faɗa da na'ura. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. An yi ta don ta ƙirga, ta ƙirga, ba ta yi ƙarya ba. Faɗana da masu ɗaukarta su kai ta inda ba a gayyace ta ba, sannan su ce ta yanke hukunci. Isufu da na'ura ya yi wasa? Da Garba ya yi, mai kwaɗayi, mai tsoro, wanda ya sani tun suna cin tuwo a kwano ɗaya. Ya san abin da idona ke gani da abin da ba ya gani. Kowace kyauta da ya aiko a kaina ya auna ta, kamar yadda tela ke auna riga a jikin mai ita. Ka ɗauko wani abu da ba ya gumi, ba ya kasa cin abinci, ba ya jin kunyar 'yan tasha, ka zaunar da shi a kujerata, ka ce ga shi Isufu ya faɗi. To ai ba shi aka aiko wa saƙon ba.

Na ji abin da suke koya wa yara yanzu. Wai gambi caca ne, wai mai hankali ba ya ba da abu sai ya ga abin da zai karɓa a hannu. Ina ma su zo Kolokondé lokacin shuka su ga manomi ya ɗauki doya lafiyayya, wadda iyalinsa za su iya ci a daren, ya yanyanka ta ya binne a ƙasa. Mai ƙirgan abin da ke rumbu zai ce ya yi asara. Na je kallon gasarsu sau ɗaya. Yara masu jini a jika, kowa ya gina katanga ya zauna bayanta yana jiran ɗan'uwansa ya yi kuskure. Su yi ta jan ƙafa har la'asar, su miƙa wa juna hannu, kunnen doki. Suna fita kowa ya zaro waya ya tambaye ta ko ya yi daidai. Ba mai tambayar abokin wasansa me ya ji a ransa, ba mai tsokanar wani. Ko dariya ban ji an yi ba a ɗakin.

Nakan tambayi kaina me Isufu zai ce da ya ga wannan zamani. Ba na jin zai yi fushi irin nawa, shi ba mai riƙo ba ne. Ina jin zai karɓi wayar ya juya ta, ya tambaya ko tana shan shayi. Sannan ya zaunar da wanda ya fi kowa a cikinsu, ya ce a ajiye waya a waje tare da takalma, ya tura piyon ɗinsa ya ce bismilla. Zai faɗi wasu wasannin, na sani. Amma yaron zai tashi rigarsa a jiƙe, kuma zai tuna wannan wasa har ya tsufa. Matsoraci ba ya zama gwani, haka yake cewa in an yi masa faɗa, ko da kuwa shi aka ci.

Kada in zalunci Nasiru, yana da tasa hujjar, ya kuma faɗa mini ita ta waya bayan kwana biyu. Ya ce shi ya tashi yana kallon ana cin ubansa a gaban mutane, baƙi su zo su ƙi kyautar su lallasa shi, a yi ta dariya, shi yana yaro yana jin kamar ƙasa ta tsage. Ya ce duk 'yan Parakou da suka koyi hannun ubansa, in sun je gasa a kudu, su ake fara korowa. Ya ce yana son yaransa su ci, ba su burge 'yan tasha ba. Ya ce kuma shagon zai gyara shi, teburin nan ya tare wuri, kuma duk ran da uwarsa ta zo gogewa sai ta koma gida da jan ido. “Baba, a rufe wasan nan kowa ya huta. Girmama ka za mu yi.”

Na ji shi, kuma maganar uwarsa ta taɓa ni. Isufu ya sha kashi, ba na musu. Ni kaina na ci shi ba adadi. Amma duk cin da na yi masa yana zaune ne, da ransa, yana iya ramawa gobe. Wannan kuwa so ake a ci shi yana kwance inda ba ya iya cewa komai, da hannun da ba nawa ba, da dabarar da ba tawa ba, a ba ni kofi in kai gida in ajiye ina kallo. Wane irin girmamawa ne wannan? In na karɓa na zama ɓarawo, kuma gawa na yi wa sata. Sa'annan yaran da za su zauna a wurin, abin da za su ɗauka game da mutumin da aka tara su dominsa shi ne ya yi wauta, waya ta kama shi. Shi ke nan abin da zai rage na Isufu a garin da ya kawo wa wasan.

Na ce wa Nasiru ba zan zo ba. Ya ce ko ban zo ba za su sanar, tunda sakamako a bayyane yake. A nan na gane ƙin zuwa ba zai tsare komai ba. Wasan da aka bari a tsaye kowa na iya zuwa ya yi masa hukunci, kuma ni na bar shi a tsaye.

Bawa ya daina tuƙi, idonsa ya yi rauni, yana zaune a gidan 'yarsa nan Djougou. Ranar Litinin da ta wuce na je na same shi a ƙofar gida. Na ce masa ina da saƙo zuwa Parakou. Ya ce in ba yaran tasha mana. Na ce wannan saƙon naka ne, tun shekara goma sha biyu ya kamata ka ɗauke shi. Sai ya ce a miƙo masa hularsa.

Na ce, “Ka je shagon Isufu. Ka ce Garba ya ce sarauniyarsa ta ci piyon ɗin. Eshek.”

Ita ce amsar da na fito da ita a bakina ran da ya zo mini ba fasinja. Ban canja ta ba, ba ni kuma da ikon canja ta, don wancan gidan na gefe ba ni na gano shi ba. Na sa shi a mota a kujerar gaba, na koma rumfa na buɗe murfi, na ɗaga sarauniyata da hannuna na ci piyon ɗin Isufu.

Washegari Bawa ya dawo ya ba ni labari. Ya ce ya tarar da Nasiru a shago da abokansa biyu, ya ce shi ba wurinsu ya zo ba, a kira masa Hajiya. Ta zo. Ya tsaya gaban teburin ya faɗi saƙon yadda na faɗa masa. Ita ta san kayan sarai, shekarun gogewa sun koya mata. Ta ɗauki baƙar sarauniya ta ajiye, ta cire farin piyon ta riƙe a hannunta. Nasiru ya zaro waya ya duba, ya dafe kai, ya ce Baba Garba ya zubar da cinsa, yanzu harin ya dawo, wasa ya koma kowa na iya ci. Ɗaya daga cikin abokan ya ce to kofin fa? Hajiya ta dubi ɗanta ta ce, “Teburin nan ba inda za shi. Kuma ka ji abin da aka ce, sarkin ubanka na cikin eshek.”

Ga wanda bai san dokar ba, in aka ce wa sarkinka eshek, an kai masa hari ke nan, ba ka da ikon yin wani abu sai ka kare shi tukuna. Ba a wucewa, ba a ɗagawa. Saboda haka ranar Asabar su yi taronsu, su yi gasa, su raba kofuna ga wanda ya ci, ina yi musu fatan alheri. Amma ba mai tashi ya ce Isufu ya faɗi, don ko wayar tasu ba ta ce haka ba yanzu.

In na auna abin da ya rage na mutumin nan, ba shi da yawa a ido. Bai bar kofi ko ɗaya ba. Shagon za a canja masa fuska, majalisar shayin ta watse, rabinmu na ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya bari hali ne: ya fara miƙa hannu, ya buɗe ƙofarsa tun bai san abin da zai shigo ba, ya yarda a ci shi a gaban mutane da dai ya zauna bayan katanga. Haka ya yi wasa, haka ya yi abota, kuma ni na ci moriyar duka biyun. Allah ya jiƙan Isufu, ya yalwata masa kabarinsa, ya karɓe shi da irin hannun da yake karɓar mutane.

Nasiru, na san za ka karanta wannan, kuma na san za ka ji zafi. Ka ji. Kujerar ubanka na nan gaban teburin. In za ka zauna a kanta, ka bar wayarka a waje, ka kare sarkinsa da kanka, ka ci gaba da harin da ya fara da 'yan kayan da ya bar maka, Bawa ya ce ƙafarsa na iya kai shi tasha. Zan karɓi amsarka kamar daga bakin Isufu ta fito. In kuwa ba za ka iya ba, kar ka taɓa komai, ka bar allon yadda yake. Ubanka ya jira ni shekara goma sha biyu bai yi ƙorafi ba. Yanzu shi ke da wasa, ni ke jira, kuma a shekaruna ba zan daɗe ban je na karɓi amsar da kaina ba.